Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malaman Hausawan Legas: a dawo mana da "Malam"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai. Allah ya ƙara wa limamanmu lafiya da nisan kwana, na Agege da na Idi-Araba, na Mile 12 da Obalende da Ijora, har da na ƙananan masallatan kwano da ke maƙale a gefen gareji da bakin kasuwa.

Ni ba malami ba ne, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Karatuna na zaure ya tsaya ne a tsakiyar littafin fiƙihu na Iziyya, ranar da mahaifina ya ce in zo in riƙe masa lissafin goro. Yau ɗan shago nake da shi a Agege, kwamfuta biyu, injin buga takardu, da janareta mai yawan tari. Katin biki nake bugawa, da kalanda, da rasit, da fostar wa'azi. Duk wani dogon laƙabi da kuka gani rataye a ƙofar masallaci, in ba yatsuna ne suka buga shi ba, to na wani ne irina. Iyakar hujjata ke nan ta rubuto muku. Ina roƙon ku yi mini afuwar da ake yi wa yaro in ya sa baki a maganar manya.

Ana saura kamar mako uku a kama azumin da ya wuce, wani saurayi ya shigo shagona. Da ƙyar in ya cika shekara talatin. Fara ƙal ɗin jallabiya, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Fostar tafsiri yake so. Sunaye biyu za a sa: nasa, shi mai fassara, da na wani dattijo da zai zama uban taro. Na san dattijon, duk unguwarmu an san shi, kuma na san a gabansa yaron nan ya koyi baƙi da wasali. Na ce bismilla, faɗi yadda za a rubuta. Ya ciro waya yana karanto mini: Fadilatush Shaikh, Ash-Shaikh, Dokta, sai sunansa, sai Hafizahullah. Na ce, ƙanena, Shaikh ɗin ya fito sau biyu. Ya ce a bar shi haka, haka ake yi. Na ce to wannan Doktan fa, a wace jami'a aka samo, ko za mu sa a ƙasa? Ya yi ɗan murmushi ya ce ɗalibai ne dai suke kiransa haka. Da muka zo kan dattijon sai ya ce, "Shi sa masa Malam kawai."

Na jera, na juyo masa da allon kwamfuta. Ya duba ya ce sunansa bai fito sosai ba, a ƙara masa girma. Na ce layin ya cika, ba wuri. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "To rage na Malam."

Na rage. Na buga, na karɓi kuɗina, har da godiya. Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi masa nasiha ba. Amma abin ya tsaya mini a rai har bayan salla, domin a gabana na ga inda muka ajiye kalmar nan. A wajen yaron nan, Malam shi ne abin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, sunan wanda bai samu ƙarin girma ba.

Bayan ƙaramar salla kuma na kai wa wata Bayarabiya katin bikin 'yarta a Ikeja. Ina ƙwanƙwasa ƙofa na ji ta daga saman bene tana ƙwala kira, "Malam! Malam!" irin kiran da ake yi wa yaron aike. Wani tsoho ya taso da sauri yana gyara hula, ya zare sakata. Muka gaisa, na ji harshensa na mutanen gabas ne, wajen Haɗeja. Da na fito, aka soma yayyafi, ya ce in fake a ɗakinsa. Kun san irin ɗakin masu gadi a Legas, in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Tabarma ce, da buta, da ƙaramar rediyo. A kusurwa kuma ga wani faifai an rufe shi da tsumma mai tsabta. Iska ta ɗaga tsumman, na hango takardu, da alƙaluman kara guda uku, da 'yan kwalabe na tawada: baƙa, ja, da rawaya. Na ce, baba, rubutu ake yi? Ya ce ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ɗago mini warƙa ɗaya da hannu biyu. Suratu Maryam ce, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, layi a miƙe kamar an ja da zare. Ba Alƙur'ani a buɗe a gabansa, ba komai. Da ka yake rubutawa. Ya ce wannan ne na uku, biyun farko suna gida a cikin gafaka.

Allah ya gafarta malamai, alaramma ne ke buɗe wa mota ƙofa a gidan nan. Matar tana kiransa Malam ne don haka ake kiran kowane Bahaushe mai gadi, ba ta san a bisa kuskure ta dace da gaskiya ba. Shi kuwa wanda ya kamata ya yi alfahari in an ce masa Malam, yana shagona yana tsere wa kalmar.

Kun fi ni sanin asalinta. Daga Larabci ta zo, mu'allim, mai koyarwa. Kuma tun a gida kalma ce mai faɗin zuciya, ba ta rowa. Akwai malamin zaure, akwai malamin makarantar allo. Da Turawa suka zo aka kafa En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya shiga ciki: malamin haraji, malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, malamin kotu. Baƙon da ba ka san sunansa ba, in dai ya kai munzali, da Malam za ka tare shi. Ko ƙwaron nan mai buɗe fukafukai yana rufewa bai tsira ba, yara suna bin sa suna cewa malam-buɗe-littafi. Har mai duba da mai tsibbu sun raɓa sun samu. Saboda haka ba zan ce da can kalmar a killace take ba. Sai dai Bahaushe bai taɓa ruɗewa ba. Ya san bambancin "Malam Audu tela" da "Audu malami ne". Ya san kuma in an ce "Malam" kurum, ba a ɗora suna ba, to a kowace unguwa mutum ɗaya ake nufi, kuma in ya doso ana tashi tsaye.

A Kano, shekara da shekaru, in talaka ya ce "Malam ya ce", ba sai an tambaye shi wanne ba. Aminu Kano yake nufi, wanda ya rasu a 1983, kuma ga filin jirgin saman Kano can yana ɗauke da sunansa tare da Malam ɗinsa. Mutumin ya yi minista, ya jagoranci jam'iyya, ya yi takarar shugaban ƙasa, ba a samu abin da ya fi wannan kalma dacewa da shi ba. Ku tambayi dattawan da suka zauna a gaban Abubakar Gumi a Kaduna, wanda aka ba lambar Sarki Faisal a 1987, yadda suke ambatonsa a tsakaninsu. Ku tambayi almajiran Nasiru Kabara a Kano. Ga Ja'afar Mahmud Adam na baya-bayan nan, wanda aka kashe a masallaci a Ɗorayi a 2007, har gobe masoyansa Malam Ja'afar suke cewa. Na haɗo su da gangan, na ɗariƙa da wanda ba na ɗariƙa ba, don kada wani ya ce wasiƙar nan ta wani ɓangare ce. Sun saɓa a abubuwa da yawa, amma kalma ɗaya ta ishi kowannensu a bakin ɗalibansa.

Shehu kuwa, a da ba a wasa da shi. In aka ce Shehu a ƙasar Hausa aka yi shiru, Usmanu ɗan Fodiyo ake nufi. In a Barno ne, mai sarautar ƙasa. Yau a shagona kaɗai, a watan Sha'aban ɗaya, nakan naɗa shehunai fiye da waɗanda kakana ya ji labarinsu tsawon rayuwarsa.

To yaya aka yi kalmar ta faɗo a Legas? Ba wani ne ya zauna ya ƙulla mana ba. A bakinmu suka tsince ta. Hausawa sun daɗe a garin nan. Tun 1863 Bature Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira da sunan Hausawa. Da jirgin ƙasa ya haɗe Ikko da Kano wajen 1912, fataken goro suka cika Agege, aka yi zango, aka yi masallatai, aka hayayyafa. Maƙwabta suna ji muna ce wa juna malam, muna ce wa juna aboki, sai suka ɗauka sunan ƙabila ne. Daga nan kalmar ta bi sana'o'in da aka fi ganinmu a ciki. Yau in ɗan Legas ya ce zai je wajen malam, ko canjin dala zai yi, ko tsire zai saya, ko sigari a ɗan kanti na ƙofar gida. Wasu sun lanƙwasa ta ta koma "mola". Da yawansu ba da mugun nufi suke faɗa ba, na zauna da su, na ci abincinsu, na sani. Wasu kuwa da raini suke faɗa, kuma mai jin Yarabanci ya san lokacin da aka sa wa kalmar gishiri. Akwai ma'ana ta uku wadda ta fi ci mini rai: in aka ce wata ta tafi wajen malam a asirce, kowa ya gane laya aka je karɓowa ko rubutun sha don a mallake miji.

Na sha jin matasanmu suna fushi a kan wannan a Facebook, suna cewa an wulaƙanta mu. Ina jin zafin da suke ji. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da muka ga maƙwabta sun mai da Malam sunan mai gadi, me muka yi? Ba mu tsaya mun riƙe kayanmu ba. Sakin ta muka yi, muka haye sama, muka koma Ustaz, da Ustaz ya cika muka koma Shaikh, da Shaikh ya cika muka ƙaro Dokta da Fadila da Allama. Wa ya san abin da za a kawo mini in buga baɗi.

Su Yarabawan da muke zargi, ku dubi yadda suka yi da tasu. Alfa suke cewa, ko alufa, kuma kalmar ta yi faɗi har limamin coci ma alufa ne a bakinsu. Su ma suna da alfan gaske da alfan tsibbu, suna da masu cin abinci da carbi. Duk da haka ban ga sun ji kunyar kalmar ba. Ga Markaz nan a maƙwabtanmu, makarantar da Shehu Adamu na Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. Dubban da suka fito daga cikinta, in ka ce wa ɗayansu alfa zai amsa da fara'a, in kuma kana shakka ya nuna maka shahadarsa da shekarar da ya gama. Ko 'yan'uwanmu Hausawa Kirista da ke barikoki da unguwannin garin nan, a Littafinsu da Malam almajirai ke kiran Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, inda ake nufin mai koyarwa. Masu fassarar sun duba Hausa kaf ba su ga kalmar da ta fi ta girma a wannan gurbin ba. Sai mu masu ita ne muka ga ta yi mana kaɗan.

Wani zai ce, kai mai shago, mene ne abin tada jijiyar wuya a kan laƙabi, ai suna ne kawai. Da a fosta abin ya tsaya, da ban ɓata muku lokaci ba. Matsalar tana wajen kalmar Ustaz, kuma a nan nake so ku ɗan yi haƙuri da ni.

Ustaz a wajen Larabawa malami ne, har farfesan jami'a da shi ake kira. A bakinmu kuwa ta koma sunan kama. Saurayi ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya daina gaisawa da mata hannu da hannu, ba ya rasa sahun farko, shi ke nan ya zama Ustaz. Yarinya ta zurma dogon hijabi, ta zama ustaziya. Har fi'ili muka yi mata, ana cewa wane ya fara ustazanci, wani lokaci da yabo, wani lokaci da zolaya. Ni ban ga laifin gemu ba, ina da nawa, kuma wallahi ina sha'awar yaron da Legas ba ta hana shi jam'i ba, don na san abin da ke jan matashi a garin nan. Sai dai mun haɗa abu biyu a kalma ɗaya: mai ibada da mai ilimi. Da can Hausa ta raba su. Mai tsoron Allah da ba ya cutar kowa, cewa ake yi bawan Allah ne, ko mutumin kirki, ko na Allah. Ana neman addu'arsa, ana ba shi ajiya, ana sa shi shaidar aure. Ba a kai masa rabon gado. Wannan na malami ne, wanda ya ci Risala ya wuce, ya zauna a kan Askari da Muhtasar har gwiwarsa ta yi kanta.

Ga abin da haɗa su ya jawo a gidan da nake haya. Wani maƙwabcina mai tuƙa Keke ya dawo da dare a gajiye, 'yan karɓar kuɗin tikiti sun wahalar da shi, suka yi cacar baki da matarsa. Cikin fushi ya furta wata magana. Da gari ya waye hankalinsa ya tashi, ya nufi masallaci. Liman ya yi tafiya. A ƙofa sai ya tarar da wani mai sayar da turare da asuwaki da 'yan littattafai, wanda kowa ke ce wa Ustaz. Ya ba shi labari a tsaye. Kafin ya rufe baki an yanke masa hukunci: aure ya ƙare ƙurmus, babu kome. A daren nan aka sa matar a motar Arewa, da goyo a baya da wani a hannu. Sai bayan wata huɗu, da iyaye suka shiga maganar, aka kai ta gaban wani tsohon malami a nan Agege. Ina wurin. Ya fi awa guda yana tambaya. Me ka ce daidai, maimaita mini da kalmominka. Sau nawa ka faɗa. Me ka nufa a ranka. Ka taɓa sakinta a baya. Ya sa aka kira matar a waya ya ji nata bakin. Bayan duk wannan bai ba da amsa ba, ya ce a dawo jibi, zai duba littafi, zai kuma tuntuɓi wani da ya fi shi. Ba zan faɗi hukuncin da ya bayar ba, don ba fagena ba ne, kada wani ya ɗauka ya auna da nasa. Abin da zan iya faɗa shi ne matar tana ɗakinta yanzu, amma an yi asarar wata huɗu, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da zangon karatu guda na babban yaron, da wata ƙura tsakanin surukai da har yau ba ta gama kwanciya ba.

Mai turaren nan ba mugu ba ne. Na san shi, ba ya cin haƙƙin kowa. An yi ta kiransa Ustaz ne har ya ji nauyin ya ce bai sani ba. Ku ne kuke karantar da mu cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Ku ne kuke karanto mana hadisin da ke cewa ba fizge ilimi ake yi daga ƙirazan mutane ba, malamai ne ke mutuwa, sai jama'a su ɗauki jahilai su sa a gaba, a tambaye su su ba da fatawa ba da sani ba. Mukan ji wannan mu girgiza kai kamar labarin wata ƙasa ne, alhali a ƙofar masallacinmu yake faruwa, tsakanin kwalbar miski da daurin asuwaki.

Abin ya fi tsanani a Legas fiye da gida, kuma dalilin a fili yake. A Zariya ko Katsina ko Gusau, in mutum ya ce shi malami ne, akwai tsohon da zai ce a zauren wa ya zauna, shekara nawa, wa ya yi masa izini. Gari ne ke shaidarsa. Nan kuwa garin baƙi ne. Mutum zai sauko daga motar tumatir a Mile 12 da asuba, ya yi wanka, ya naɗa rawani, kafin la'asar ya zama abin da ya ce shi ne. Ba mai ƙaryata shi, don ba wanda ya san shi. Ga waya kuma ta zo ta ƙara wa Barno dawaki: minti biyu a TikTok, murya mai daɗi, Larabci kaɗan, sai mabiya dubbai. Inda babu masu shaida, laƙabi ne ke tsayawa a madadinsu, shi ya sa yake ta ƙara tsawo.

Alhali muna da tsarinmu na auna mutum tun kafin a san digiri. A tsangaya yaro yana farawa ne daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Ba a ce wa mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi. Gwani kuwa sai gwanaye sun zauna sun tankaɗe shi sun rairaye, ya san kalma kaza sau nawa ta zo da kuma inda ta zo. Ba wanda ke naɗa kansa. Ko a wajen mata haka ne: Nana Asma'u, 'yar Shehu, ita ke naɗa jajinta, ta ɗora mata malfa, sannan ta tura ta ƙauye ta karantar. A garin nan ma akwai misali. Masallacin Shitta-Bey da ke cikin tsibirin Legas, wanda aka buɗe a 1894, sunan mai gina shi Muhammadu Shitta. Bey ɗin nan Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin ne ya ba shi, bayan an ga aikin da ya yi da dukiyarsa. Aiki ya fara tsayawa, sannan wani daga waje ya kawo sunan.

Kada a fahimce ni a karkace. Girmama malamai addini ne, kuma a cikinku akwai waɗanda suka yi shekaru a Madina da Azhar da Jami'ar Bayero suka samo digirinsu da gumi. Wanda ya wahala ya samu Dokta, a rubuta masa, haƙƙinsa ne. Wanda tsufa da ilimi suka kai shi Shehu a bakin jama'a, ba ni ne zan tuɓe masa ba. Su ne ma aka fi cuta, don an cika kasuwa da jabu har na gaske ya rasa daraja.

Roƙona gare ku ƙarami ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Duk fostar da za a rataya da sunan masallacinku, liman ya gan ta kafin a kawo mana. A rubuta Malam wane, a ƙasa a sa inda ya yi karatu da wanda ya karantar da shi. In zaure ne a ce zauren wane a gari kaza, ba abin kunya ba ne, abin alfahari ne. In akwai digiri a faɗi jami'ar da fannin, domin Dokta a ilimin ƙasa ba Dokta ba ne a fiƙihu. Wanda ya ƙi a rubuta sunan malaminsa, kun ga ai ya ba ku amsa. In kuma manyan cikinku, waɗanda ba mai shakkar iliminsu, suka fara cewa a sa musu Malam kawai, to wallahi cikin azumi biyu yara za su ji kunyar jera laƙabi huɗu. Abin da babba ya yi shi ne ado. Mu a shago mun sani, don duk salon da aka gani a fostar babban malami, shi ake zuwa a ce mu kwaikwaya, har launin rubutu.

Sannan a ware huɗuba guda, ko darasi tsakanin magariba da lisha, a yi wa jama'a bayani da Hausa mai sauƙi cewa mai ibada daban, mai fatawa daban. A faɗa wa masu gemun kirki cewa "je ka tambayi liman" ba faɗuwa ba ce. Kowane masallaci ya sanar da wanda ake kai wa maganar saki da gado, da wanda ake nema in ba ya nan. Mutanenmu a nan leburori ne da 'yan dako da masu tura baro, ba su da lokacin tantancewa, duk wanda suka gani da kama shi za su tambaya.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kwanta mini a rai. Ku sa a nemo muku irin tsohon nan na Ikeja. Suna nan da yawa, a ɗakunan gadi na Lekki da Surulere, a ƙarƙashin gada suna gyaran takalmi, a bakin titi suna yankan farce. Fari da rashin tsaro da talauci ne suka koro su, da Alƙur'ani a ƙirjinsu. Masallatanmu kuma cike suke da yaran da aka haifa a nan, waɗanda Yarabanci da Turancin buroka suka fi Hausa zama a bakinsu, ga iyaye suna neman mai biya musu karatu. A haɗa su mana. A ba alaramma tabarma a masallaci ranar da yake hutu, a yanka masa ɗan abin sabulu, a gabatar da shi a gaban jama'a da sunansa da darajarsa. Ranar da matar gidan nan ta ga motoci sun tsaya a ƙofarta ana durƙusawa ana gaida mai gadinta, ba sai wani ya yi mata lacca a kan ma'anar Malam ba.

Na tambaye shi ran nan, kafin ruwa ya ɗauke, ko kiran da take yi masa yana ɓata masa rai. Ya ci gaba da feƙe alƙalaminsa da reza, ya ce, "Ɗana, ai ba ta canja mini suna ba." Sannan ya tambaye ni ko na san inda ake samun takarda mai kauri wadda tawada ba ta huda ta, don wadda yake saya a Oshodi ta fara yin tsada. Na kai masa rim ɗaya a satin da ya biyo baya.

Ni ma ina da nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi a bayan na kowa ba. Da ƙafa muke auna kyallen sanarwa mu yi kuɗinsa. In laƙabi ya yi tsawo, kyalle ya ƙara faɗi, ni ke da riba. Abin da nake roƙonku zai rage mini ciniki, matata ma ta faɗa mini haka da na karanta mata wasiƙar nan. Duk da haka na riga na tsara wani sabon fasali na ajiye a kwamfuta: Malam da suna a layin sama, malaminsa da garin da ya yi karatu a layi na biyu, lokaci da wuri a ƙasa, duka sunaye girmansu ɗaya. Masallacin da ya zo da wannan tsari daga yau zuwa ƙarshen Sha'aban, rabin kuɗi zan karɓa. Shagon yana bayan layin dogo, in an zo a tambayi mai buga kati, yaran wurin za su nuna.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
mai shagon buga takardu, Agege, Legas.